Littafin aiki: ɗora Linux a tsofaffin kwamfutocin 'yan'uwa a Madina

Juma'a, 5 ga Satumba 2025

Ranar 14 ga Oktoba mai zuwa Microsoft zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro da ya saba aikowa. Ba wai kwamfuta za ta ƙi tashi ranar ba, a'a, za ta ci gaba da aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya babu mai toshe ta. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wato na wajen 2017 zuwa yau. Mafi yawan laftof ɗin da ke hannun mutanenmu a nan Madina sun girmi haka. Na gado ne. Ɗalibi ya gama Jami'ar Musulunci zai koma Kano ko Maraɗi, littattafai sun cinye masa awon kaya, sai ya bar wa na baya. Wasu kuma na hannu ne da aka sayo a Haraj, kasuwar kayan gwanjo. Kwamfuta ɗaya sai ka tarar ta rubuta risala, wato kundin digiri, har uku kafin ta iso hannun mai ita na yanzu.

Shi ya sa muka tsayar da zaman ɗora Linux, wani tsarin aikin kwamfuta na kyauta da ke maye gurbin Windows, duk Juma'a daga bayan La'asar zuwa Magariba a majalisin Baba, dattijon unguwarmu wanda iyayensa suka zo ta Sudan tun yana goye. Mu uku ne: ni, da wani ɗan'uwa ɗan Damagaram mai karatun hadisi, da jikan Baba, haifaffen nan, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu amma hannunsa ya san sukurudireba. Sharaɗinmu biyu. Ba ma taɓa kwamfutar kowa sai an kwashe fayilolinsa zuwa wani faifai na waje, ya duba da idonsa ya ce sun cika. Kuma ba ma goge komai ranar farko: mukan tayar da Linux daga filashi, mai kwamfuta ya zauna ya latsa, ya buɗe takardunsa, ya ji sauti, sannan ya tafi ya yi shawara.

Mun zaɓi Linux Mint 22.2 da ya fito a farkon watan nan, nau'in Xfce mai sauƙin nauyi. An gina shi kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029. Masu shi sun ce RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, 2GB ya isa a tashi, 4GB ya fi daɗin aiki. Dalilin zaɓin ba wani zurfi ne da shi ba: maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda ido ya saba, kuma idan duk unguwa nau'i ɗaya take amfani da shi, matsalar da aka warware wa mutum ɗaya an warware wa goma. Ɗan Damagaram ya so Debian, na ce masa ya ɗora a tasa. Filashinmu mun shirya shi da Ventoy, wanda ke ba ka damar jefa fayilolin ɗorawa na ISO da yawa a filashi ɗaya ka zaɓa lokacin tashi. Kowane fayil sai mun gwada shi da `sha256sum` mun ga lambar ta dace da ta shafin masu shi.

Juma'a, 12 ga Satumba

An kawo laftof biyar. Uku sun karɓa lami lafiya, ɗorawar ba ta kai mu Magariba ba.

Ta huɗu ta tashi amma ba ta ganin wayfai kwata-kwata. Umarnin `lspci` ya nuna katin yana nan da ransa, direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, ne ba ya zuwa cikin zuciyar Linux saboda ba buɗaɗɗe ba ne. Maganin wannan sananne ne: a jona wayar hannu da kebul, a kunna rabon intanet ta USB, kwamfutar ta ɗauke shi tamkar kebul ɗin intanet na ofis, sai a buɗe Driver Manager ya nemo direban da kansa. Aka yi haka, aka sake tayarwa, shiru. Abin da ya faru shi ne Secure Boot, tsaron da ke aiki lokacin tashin kwamfuta, a kunne yake, kuma ba ya barin direban da ba a sa wa hannu ba ya hau. Lokacin ɗorawa akan nemi ka saka wata kalmar sirri ta wucin gadi, in kwamfutar ta sake tashi sai wani shuɗin allo ya fito yana tambayar ko a yi rajistar makullin. Mai laftof ɗin ya ga shuɗin allo, abin da ya saba gani ranar masifa a Windows, ya yi maza ya danna a wuce. Muka sake neman allon, aka zaɓi Enroll MOK, aka saka kalmar, wayfai ya dawo. Daga yau duk wanda za a ɗora wa sai an gaya masa zancen shuɗin allon nan tun kafin ya gan shi.

Ta biyar ƙaramar netbuk ce ta wani malami, `lscpu` ya ce furosesarta 32-bit ce zalla, wato tsohon samfuri. Mint ya bar irin waɗannan tun fitowa ta 20 a 2020, Debian 13 da ya fito watan jiya shi ma babu faifan ɗorawa dominsu. Akwai antiX da har yanzu yake ɗaukarsu, akwai Debian 12. Amma Mozilla ta sanar cewa Firefox 144 ne na ƙarshe ga Linux mai 32-bit, sai nau'in ESR mai dogon tallafi da zai ɗan ƙara jan lokaci. Na gaya wa malamin gaskiya: "Allah gafarta Malam, za ta karanta PDF, za ta kunna karatu, za ta yi rubutu. Amma kada a shiga banki ko Absher, shafin hidimomin gwamnati, da ita." Ya ce shi dama littattafai yake so ta riƙe masa. Aka sa mata antiX.

Talata, 23 ga Satumba

Hutun ranar ƙasa, babu aiki babu jami'a, muka wuni kan ƙarfe maimakon manhaja. Rabin abin da mutane ke kira "Windows ta tsufa" zafi ne da ƙura. Laftof ɗin da ta yi shekaru tana shaƙar iskar Madina, in ka buɗe bayanta sai ka ga ƙura ta danƙare tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar ƙullin auduga. Furosesa in ta ji zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, mai ita kuma ya ce aljanu. Umarnin `sensors` ya nuna wata tana haura digiri 90 ba ta aikin komai, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busawa. Jikan Baba ya share fankar, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, ta sauko.

Sai faifai. A manhajar Disks akwai wurin duba lafiyar faifai da ake kira SMART. Biyu sun nuna sassan da suka lalace suna ƙaruwa, irin wannan ba a ɗora masa komai, kwashe kaya ake yi a gudu. Masu su sun sayo ƙananan SSD, faifan zamani mai sauri da ba ya juyawa. Ra'ayina a nan ba ya sauyawa: duk mai kuɗin abu ɗaya tak, ya sayi SSD kafin ya sayi RAM. Laftof ta 2012 mai SSD da Xfce ta fi wata ta 2016 mai tsohon faifai mai juyawa saurin buɗe komai, kuma mun gani a tabarma ɗaya yau.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Wani ɗan'uwa da muka bar wa Windows da Mint a kwamfuta ɗaya ya dawo da ƙara mai ban dariya. Manhajar kiran salla da ke Windows ɗinsa ta kira Azahar mutane na shirin tafiya Harami La'asar. Agogonsa ya koma baya da awa uku cif.

Awa ukun nan ba haɗari ba ne, tazarar da ke tsakanin lokacin Saudiyya da lokacin duniya na UTC ce. A cikin kowace kwamfuta akwai ƙaramin agogo mai batirinsa. Linux yana rubuta lokacin UTC a ciki, ya ƙara awa uku kafin ya nuna maka. Windows kuwa tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gari. To in ka fito daga Mint ka shiga Windows, sai ta karanta UTC ta ce shi ne lokacin Madina. Layi ɗaya ya raba gardamar: `timedatectl set-local-rtc 1`. Zai yi gargaɗi cewa wannan tsari na kawo ruɗani a ƙasashen da ke matsar da agogo lokacin bazara. Saudiyya ba ta yi, Najeriya da Nijar ba sa yi, don haka gargaɗin bai shafe mu ba, sai dai in ya koma gida ya sauya yankin lokaci daga Asia/Riyadh.

Shi dai wannan bawan Allah ya ce kuma ba ya iya ajiye komai a sashen da fayilolinsa na Windows suke, buɗewa kawai. Wannan aikin Fast Startup ne: Windows ba ta kashe kanta gaba ɗaya, takan bar faifan a rabin barci, Linux kuma in ya ga haka ba ya yarda ya yi rubutu a kai don kada ya ɓata. Aka shiga saitin wuta na Windows aka cire alamar.

Tambayar da kowa ke yi kafin ya yarda ita ce ta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasa. Absher a burauza yake, Firefox na buɗe shi, tabbatar da kai ta manhajar Nafath kuma a waya ake dannawa kamar kullum. Zoom da Telegram suna da nasu na Linux. WhatsApp ta burauza. Da an nuna wa mutum waɗannan sai ka ga kafaɗarsa ta sauka.

Talata, 14 ga Oktoba

Ranar ta zo ta wuce, babu kwamfutar da ta yi tari. Waɗanda suka zaɓi zama a Windows 10 mun taya su shiga shirin ƙarin wa'adi na Microsoft, wanda ke kai gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026. Sai kwamfutar tana kan fitowar 22H2 kuma mutum na da asusun Microsoft. Shekara ɗaya ce ta numfashi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Yanzu na gane inda aikin yake. Ɗorawa rabin awa ce. Rubutu shi ne ke cin makonni, domin mutumin nan yana rubuta Larabci da safe, Hausa da yamma, adireshin intanet da Turanci, duk a kibod ɗaya.

Na fara da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. A jerin tsarin kibod akwai na Hausa, mun gwada, amma ya zaunar da haruffa a wuraren da yatsa bai saba ba, masu saurin bugu suka ƙi shi. Akwai hanyar lamba: Ctrl da Shift da U, sannan 0199 ya ba ka ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ. Tana aiki, amma ba wanda zai rubuta huɗuba haka. Abin da ya zauna shi ne maɓallin haɗi. A saitin kibod muka mai da Alt na dama ya zama Compose, muka buɗe fayil mai suna `.XCompose` a babbar foldar mutum. Layin farko `include "%L"` don kada a rasa haɗe-haɗen asali, sai layuka irin wannan: `<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"`. Haka d biyu, b biyu, da manyansu. Ka taɓa Alt, ka buga k sau biyu, ƙ ta fito. Ɗan Damagaram ya ce a ƙara y biyu, domin su a Nijar ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Aka ƙara. Fayil ɗin yanzu yana cikin filashinmu, kowa aka ɗora wa sai a kwafa masa, ya fita ya sake shiga.

Larabci ya zo da nasa. Wani ya yi rantsuwa cewa kwamfuta ta manta kalmar sirrinsa, ya buga har ya gaji. Kibod ɗin ne yake kan Larabci lokacin da allon ya kulle, shi kuma ɗigo-ɗigo kawai yake gani, bai san baƙaƙen Larabci yake zubawa ba. Yanzu Turanci muke sawa farko a jeri, kuma mukan nuna wa mutum 'yar alamar harshe da ke allon shiga.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. A kibod ɗin Larabci akwai maɓalli guda, inda B take, mai fitar da lam-alif a haɗe. A wasu manhajojin Linux abin da yake fitarwa harafi ɗaya ne na ado mai lambar FEFB, ba lam da alif biyu ba. A ido babu bambanci. Amma ka nemi kalmar da ke da shi a cikin takarda, ko ka liƙa ta a wurin bincike, sai a ce babu. Ɗan Damagaram ne ya kama shi yana neman wani lafazi a rubutunsa, ya san ya rubuta, bincike ya ce bai rubuta ba. Ga ɗalibin hadisi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mafita mafi sauƙi: a buga lam sannan alif, su haɗe da kansu. Abin da aka riga aka rubuta kuma a bi shi da nema-da-sauyawa sau ɗaya.

Jikan Baba ya ɗora wa wani da harshen Larabci tun daga farko, sai foldoji suka fito da sunayen Larabci. Ga mai latsawa da linzami babu laifi. Ga mai gyara a baƙin allon buga umarni, inda rabin layi ke tafiya dama rabi hagu, wahala ce. Shawarar da muka tsaya a kai ita ce a ɗora da Turanci, a sauya harshen daga baya, in ta tambaya ko a sauya sunayen foldoji a ce a'a.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Yau mun mayar da mutum biyu ba mu ɗora musu ba, kuma ina ganin shi ne aiki mafi kyau da muka yi a watan.

Dukansu suna rubuta risalar majistir, wato digiri na biyu. Mun buɗe fayilolinsu a LibreOffice, madadin Word a Linux, daga filashi don a gani. Da farko sai an kunna tallafin rubutu mai sarƙaƙiya a saitin harsuna, sannan maɓallan juya sakin layi su bayyana, Ctrl da Shift da D na mai da shi dama zuwa hagu. Wannan ba matsala. Matsalar salon haruffa ce. Risalolin an rubuta su da Traditional Arabic, wanda na Microsoft ne, ba ya zuwa da Linux. LibreOffice sai ya musanya da wani, faɗin haruffa ya sauya, shafi na 80 ya koma na 86, hashiya ta tsallaka, fihirisar da mutum ya kwana yana jerawa ta tashi aiki. Akwai Amiri na Khaled Hosny, wanda a idona ya fi kyau, an zana shi ne bisa haruffan maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira. Akwai Scheherazade New. Amma mushrifi, malamin da ke duba risalar, ba kyau ya tambaya ba, abin da ƙa'idar sashe ta ce shi zai duba.

Sai ayoyi. Ɗalibai da yawa suna saka su ne da manhajar Mus'hafin Madina ta Cibiyar Sarki Fahad, wadda ke aiki tare da Word. Dabararta ita ce kowane shafi daga shafuka 604 na mus'hafin yana da nasa fayil ɗin haruffa. In babu su a kwamfuta, wurin aya sai ka ga wasu alamomi marasa ma'ana. Mun kwafe su zuwa `.local/share/fonts`, muka buga `fc-cache -f`, ayoyin suka bayyana. To gani ya samu. Saka sabuwar aya da dannawa ɗaya kamar yadda suka saba, wannan babu.

Ɗayansu ya nace, ya ce shi ya gaji da nauyin Windows. Na ce masa: "Akhi, watanni nawa suka rage maka munaƙasha, zaman kare risala?" Ya ce huɗu. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aka sa masa SSD, aka bar masa Windows ɗinsa da ƙarin wa'adi, in ya kare risala ya dawo. Ɗan Damagaram yana ganin na cika sassauci, a ganinsa da an matsa musu da sun saba. Ni kuwa na san in shafi ɗaya ya goce ranar miƙa risala, duk unguwa za ta ji cewa Linux ne ya kayar da wane, kuma ba mai sake kawo mana kwamfuta.

Masu shekarar farko daban ne. Su ba su tara komai ba tukuna, suna rubutu a LibreOffice su fitar da PDF, wanda ba ya gocewa a kowace kwamfuta. Shamila, manhajar tarin littattafan addini, kuma suna buɗe ta a shafinta na intanet. Wanda ke son ta ba tare da intanet ba shi muke bar wa Windows a gefe.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Matsaloli biyu na bayan ɗorawa, duka daga kyakkyawar niyya.

Na farko ya ji mun yabi Timeshift, mai ɗaukar hoton tsarin kwamfuta don a koma baya in abu ya lalace, sai ya kunna na kowace awa, da na kullum, da na mako, da na wata, a faifai mai 120GB. Faifan ya cika maƙil. Alamarsa ita ce ka saka kalmar sirri daidai, allo ya yi baƙi, ya dawo da kai wurin shiga. Ctrl da Alt da F2 suka kai mu baƙin allo, `df -h` ya nuna kashi 100, `sudo timeshift --list` ya jero hotunan, muka share tsofaffin. An bar masa na mako guda biyu. Na kuma maimaita masa abin da mutane ke mantawa: Timeshift tsarin kwamfuta yake adanawa, ba takardunka ba. Takardu sai ka kwafa da kanka.

Na biyu an kira salla kwamfutarsa tana tsakiyar sabuntawa, ya danne maɓallin wuta ya fita. Da ya dawo manajan sabuntawa ya ƙi komai. `sudo dpkg --configure -a` ya ƙarasa abin da aka katse, `sudo apt install -f` ya gyara saura. Ba laifi a tafi salla a bar ta tana aiki, a jona caja kawai, kada a rufe murfin.

Wani kuma ya kawo tsofaffin fayilolin darasi da ke buɗewa da tarkacen alamomi. An rubuta su ne da tsohon tsarin Larabci na Windows-1256. `iconv -f WINDOWS-1256 -t UTF-8` ya dawo da su.

Juma'a, 12 ga Disamba

Sanyi ya shigo, an koma shan shayi da na'ana'a a cikin ɗaki. Tun da muka fara Baba yana zaune yana kallonmu, bai taɓa tambayar komai ba. Yau ya aiki jikansa ciki ya fito da wata jakar fata. Takardu ne na ajami, waƙoƙin wa'azi da mahaifinsa ya kwafa da hannunsa, gefunansu sun fara cinyewa. Ya ce da ni: "Kai ɗan nan, abin naku yana rubuta wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari mu gani."

Salon haruffan Larabci na gabas ba ya ba da wannan hannu. Rubutun allo na ƙasar Hausa na Warshu ne: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, nun ta ƙarshe sau da yawa ba ɗigo, ga ɗigon imala a ƙarƙashin harafi mai ba da wasalin e. Unicode ta ba wa fa da ƙaf da nun na Afirka lambobinsu a 2016, daga 08BB zuwa 08BD. Kuma SIL ta fitar da salon haruffa biyu kyauta domin yankinmu: Harmattan, da Alkalami wanda aka zana bisa hannun Kano mai kauri. Dukansu suna cikin rumbun manhajojin Mint, `fonts-sil-alkalami` da `fonts-sil-harmattan`. Muka saka, jikan ya buga baiti ɗaya, muka ƙara girmansa a allo.

Baba ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya ce kaf ɗin ta yi, amma an sa wa fa ɗigo a sama irin na mutanen nan, a gyara. Gaskiyarsa, yaron da kibod ɗin Larabci ya buga. Muka ƙara layuka a `.XCompose` domin haruffan Warshu da ɗigon imala. Daga nan gardama ta koma tsakanin kaka da jika kan wata kalma, shi yaron yana karanta baƙin daidai amma bai san kalmar ba, Baba ya san kalmar amma idonsa ba ya raba ɗigon. Magariba ce ta raba su.

Kafin a buga komai mun ce a fara ɗaukar hoton takardun. Na'urar sikanin da ke gidan ta yi aiki da Document Scanner ba tare da an saka direba ba. Muna ɗauka a 600 dpi, da launi, ana ajiyewa wuri biyu. Manhajar gane rubutu ta Tesseract tana da Larabci, tana taimakawa a littafin da aka buga, amma rubutun hannu na ajami ba ta san shi ba. Da hannu za a buga shi, baiti baiti.

Juma'a, 26 ga Disamba

Masu zuwa da sababbin kwamfutoci sun ragu, masu dawowa da tambaya sun ƙaru, kuma tambayoyin sun sauya. Da "ta ƙi tashi" ne, yanzu "yaya zan mai da sautin darasi daga na WhatsApp zuwa MP3" ne. Amsar `ffmpeg -i` da sunan fayil da sunan da kake so, ko Audacity ga wanda ke son ya yanke tari da ƙarar mukayyif. Firintar wani ta fito da kanta da aka jona ta a wayfai ɗaya da kwamfutar. Ta wani tsohuwa ce mai neman direba na musamman, har yanzu muna fama, shafin CUPS a `localhost:631` yana ganinta amma takarda ba ta fita.

Ɓangaren mata ne ya ba ni mamaki. Da ta hannun 'ya'ya da ƙanne ake aiko da laftof, mu gyara mu mayar, ba mu san ko an ji daɗinta ba. Ashe ƙanwar jikan Baba, mai karatu a Jami'ar Ɗaiba, ta kwafi filashinmu tun watan jiya tana ɗora wa matan unguwa a cikin gida. Ta aiko da tambaya a rubuce kan wata laftof da sauti ke fita ta lasifika ko an sa abin kunne. Mun aika mata ta duba `alsamixer`, wurin da aka rubuta Auto-Mute, ta tabbatar a kunne yake. Wata Hajiya mai koyar da yara Alƙur'ani kuma ta aiko a gaya mana tana son haruffan su ƙara girma, ba ta son komai bayan wannan.

Farashin RAM ya tashi a kasuwa cikin watannin nan, don haka mun daina ba da shawarar saye. Muna ciro DDR3 daga laftof ɗin da suka mutu, a gwada da memtest86+ dare guda kafin a sa wa wani. Waɗanda RAM ɗinsu bai wuce 4GB ba muna kunna musu zram, wanda ke matse abin da ke cikin RAM maimakon ya zubar da shi a faifai.

Ɗan Damagaram zai gama a ƙarshen shekarar karatu, kuma rabin abin da muka sani a kansa yake. Ya fara rubuta matsalolin da maganinsu da Hausa a fayil ɗaya da zai zauna cikin filashin, jikan Baba na mai da shi Larabci domin yaran da aka haifa a nan. Ramadan zai kama tsakiyar Fabrairu, zaman bayan La'asar ba zai yiwu ba, za mu mai da shi bayan Tarawihi. Juma'a mai zuwa tsohuwar firintar nan ce a gaba, da takardun Baba da suka rage ba a ɗauki hotonsu ba.